Sabunta lasisin tuƙi: dogon wa'adi ko gajere?

Tambaya: Assalamu alaikum. Lasisina na tuƙi zai ƙare wata mai zuwa, an ce in zaɓa tsakanin na shekara 3 da na shekara 5. Na biyar ɗin ya fi tsada sosai. Abokina ya ce dabara ce kawai ta karɓe wa mutane kuɗi mai yawa a lokaci guda. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya kalli jimillar kuɗin ne, bai kalli shekarun ba. Ka raba kowane farashi da yawan shekarunsa tukuna. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, na shekara 3 kuɗinsa 100 ne, na shekara 5 kuma 150. Na farkon ya kama 33 da 'yan kai a shekara, na biyun ya kama 30 cif. In ka ja lissafin zuwa shekara 15, mai gajeren wa'adi zai je ofis sau biyar ya biya 500, mai dogon ya je sau uku ya biya 450. Muddin farashin na biyar bai kai wajen 167 ba a wannan misalin, shi ne mai araha.

Sauƙin kuwa ba kyauta hukuma take yi maka ba. Ɗaukar hoto, buga kati da lokacin ma'aikaci duk ɗaya ne, ko katin na shekara 3 ne ko na 5. In ka rage musu zuwa, ka rage musu aiki.

Amma a ganina rarar 50 cikin shekara 15 ba ita ce maganar ba. Abin da ke cin mutum bai fitowa a rasit: kuɗin mota zuwa ofis da dawowa, yinin da aka ɓata a layi, aikin da aka ajiye, wani lokaci a ce na'ura ta ƙi aiki a dawo gobe. Wanda abincinsa ke kan sitiyari ya fi kowa sanin kuɗin yini guda. Sai kuma mantuwa. Duk ranar ƙarewa wata dama ce ta a kama ka da lasisin da ya mutu, kuma tara guda tana iya haɗiye duk abin da ka yi tattali. Ga batun inshora ma: in hatsari ya auku alhali lasisinka ya ƙare, ka ba kamfanin ƙofar ja-in-ja da kai.

Abu na ƙarshe shi ne farashin kansa. Kuɗin hukuma hawa yake yi, da wuya ka ji ya sauko. Wanda ya biya na shekara 5 yau ya sayi shekara ta huɗu da ta biyar a farashin yau, mai na uku kuwa zai saye su a duk yadda ya tarar.

Saboda haka in kuɗin na hannunka, kuma ba cin bashi za ka yi ba, ɗauki na biyar.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce, ɗan jarina kullum cikin juyawa yake. Ina ganin in na biya ƙaramin, ragowar na zuba a sana'a, zai haifar min da abin da ya fi rangwamen. Na yi kuskure?

Amsa: Ba ki yi kuskure ba, Hajiya, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Sai dai ki auna da kyau. A misalin da na kawo, 50 za ki riƙe, kuma bayan shekara 3 za a nemi 100 a wurinki, ko fiye in an yi ƙari. Wannan 100 ɗin shekara 3 za ta saya miki, don haka kason shekara biyun da muke magana a kai, wato ta huɗu da ta biyar, ya kusa 67. Tambayar ita ce: 50 ɗinki za ta zama 67 cikin shekara 3, har ta biya miki yinin da za ki rufe shago? Ga mai sana'ar da ke tafiya, amsar na iya zama e. Sharaɗin dai kuɗin ya shiga jari da gaske. In a aljihu zai zauna har hidimar gida ta lashe shi, babu ribar da aka ci.

Tambaya: Mahaifinmu ya kusa shekara 70, yana tuƙi da kansa, idonsa kuma ya fara rauni. Muna so mu biya masa mafi tsawo don ya huta da zirga-zirga.

Amsa: Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin ku biya, ku tambaya ko shekarunsa sun ba shi damar dogon wa'adin ma, domin ƙasashe da dama suna gajarta shi ga dattawa. A Birtaniya ana sabunta katin duk shekara 10, amma daga shekara 70 sai duk shekara 3, kuma ba a biyan ko kwabo a wannan sabuntawar. A jihar New South Wales ta Ostareliya, lasisin shekara 10 na 'yan shekara 21 zuwa 44 ne kawai. Rashin lafiya ma na taƙaita wa'adi: a Birtaniyar, mai ciwon sukari da ke allurar insulin akan ba shi na shekara 1, 2 ko 3.

Ko da an yarda ku biya dogon, ni gajeren zan ba ku shawara. Ba don kuɗi ba. Idon da ya fara rauni yana bukatar a riƙa duba shi a kai a kai, kuma ranar sabuntawa ta fi sauƙin zama dalilin kai Baba wurin likitan ido fiye da a ce ɗa ya tunkare shi da maganar ajiye mukulli. Kati mai sauran shekara huɗu a jiki ba ya ƙara wa ido gani.

Tambaya: Ina sa ran komawa wata ƙasa aiki nan da shekara biyu, kuma ina tunanin ɗaukar lasisin babbar mota kafin nan.

Amsa: In tafiyar ta tabbata, gajeren ya ishe ka, domin ƙasar da ka koma za ta nemi ka musanya lasisinka ko ka yi nata bayan wani lokaci, kuma kada ka sa rai za a mayar maka da kuɗin shekarun da ba ka ci ba. In kuwa "sa rai" ne kawai, ka lura da wannan: da zarar ka wuce shekara 3 ko da kwana ɗaya ne, mai gajeren ya biya 200, mai dogon yana nan a 150 ɗinsa.

Ka kuma sani takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa a jikin lasisinka na gida take rataye. Ta yarjejeniyar Geneva ta 1949 shekara ɗaya take yi, ta yarjejeniyar Vienna ta 1968 tana kai wa shekara 3, amma ba ta wuce ranar da lasisin gida zai ƙare. In za ka dogara da ita a farkon zuwanka, ka tabbata lasisin gida na da sauran rai sosai a ranar tafiya.

Batun babbar mota kuma, wa'adinta kan fi na ƙaramar mota gajarta. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2013 ta sa shekara 10 zuwa 15 ga ƙananan motoci da babura, shekara 5 ga manyan motocin kaya da bas. Ka tambayi ofishin da ke ba ka lasisi ko ƙara rukunin babbar mota a lasisinka yana nufin sabon kati da sabon biya. In haka ne, ka fara gama gwajin babbar motar in lokaci zai ba ka, sannan ka sabunta gaba ɗaya, ka biya sau ɗaya.