Yadda za a riƙe kundi ɗaya tsakanin kwamfuta da waya ba tare da gyara ya salwanta ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai rubuta kundin digiri na biyu. Da dare nakan yi aiki da Word a kwamfutata idan akwai wuta, da rana kuma nakan yi gyare-gyare a waya duk lokacin da na samu sarari a wurin aiki. Hanyar da nake bi ita ce in tura wa kaina fayil ɗin ta WhatsApp. A makon jiya na kai wa malamin da ke duba aikina babi na uku, sai ya tarar babu ko ɗaya daga cikin gyaran da ya ce in yi, alhali kuwa na yi su duka a waya. Yanzu haka ina da fayil bakwai masu suna kusan iri ɗaya, ban san wanne ne na ƙarshe ba. An ba ni shawarar in koma amfani da OneDrive ko Google Drive, amma ina gudun cin data, ga shi kuma sabis ba shi da ƙarfi a unguwarmu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba da sa'ar kammalawa. Da farko ki kwantar da hankalinki, domin akwai kyakkyawan zaton cewa gyaran nan yana nan kwance a cikin ɗaya daga cikin fayil bakwai ɗin da kika ambata. Abin da ya faru shi ne, duk lokacin da kika tura takarda ta WhatsApp, ko ta imel, ko kika kwafe ta a filash, sabon kwafi ake haifarwa, wanda daga wannan lokacin ba shi da wata alaƙa da na asali. Kin gyara kwafin da ke waya, sannan kika buga wanda ke kwamfuta. Matuƙar ana bin wannan hanya, komai kiyayewar mutum wata rana sai ya rikice.

Ma'ajiyar intanet, wadda wasu ke kira kilawud, manyan kwamfutoci ne na wani kamfani da ke kunne dare da rana, inda ake ware miki wani ɗan fili da ba ya buɗuwa sai da asusunki da kalmar sirrinki. Idan kika sa kundinki a can, wata ƙaramar manhaja da ke kwamfutarki za ta riƙa sa ido a kan folda guda, da zarar ta ga an canza wani abu sai ta ɗora canjin zuwa ma'ajiyar, ita kuma waya ta sauko da shi idan kika buɗe fayil ɗin. Ki lura cewa tafiya biyu ce, hawa da sauka, kuma kowacce tana buƙatar sabis da ɗan lokaci. Kusan duk matsalar da ake kawo mini a kan wannan al'amari daga nan take tasowa, wato an taɓa takarda a na'ura ta biyu alhali ta farko ba ta gama ɗora nata aikin ba.

Game da zaɓi, tunda da Word kike rubutu, ni OneDrive zan ce ki ɗauka. Shi da Word duk na kamfanin Microsoft ne, yana zuwa a cikin Windows 10 da Windows 11 ba sai an sauke shi ba, kuma yana ba da gigabait 5 kyauta, wanda ya ishi rubutun kundi ya yi saura mai yawa. Google Drive ya fi shi yalwa, gigabait 15 ne, sai dai ana raba su tsakaninsa da Gmail da hotunan da ke Google Photos, kuma a waya yakan ja mutum zuwa buɗe takarda da Google Docs, wanda duk da cewa yana iya gyara fayil ɗin Word, wani lokaci yakan taɓa tsarin shafi da jadawali. Dropbox na kyauta gigabait 2 ne, kuma ba ya yarda da fiye da na'ura uku. Duka ukun suna aiki, abin da dai ba na so shi ne ki raba kundinki tsakanin biyu daga cikinsu.

Kafin ki ɗora komai, sai kin fara tace fayilolin nan bakwai. Ki tattara su a folda ɗaya a kwamfuta, har da waɗanda ke cikin waya, ki jera su bisa ranar da aka yi musu gyara na ƙarshe. A cikin Word na kwamfuta, ƙarƙashin sashen Review, akwai wani abu mai suna Compare: kina ba shi fayil biyu, sai ya fito miki da duk inda suka saɓa, kalma bayan kalma, da layi mai launi. Da shi za ki gane wanda ke ɗauke da gyaran malaminki, ki kwaso abin da ya rage daga sauran. Aikin zai iya cin yammaci guda, amma sau ɗaya za ki yi shi. Idan kin samu cikakken kwafi, ki ba shi suna mai sauƙi kamar "Babi na 3", ki tabbata ƙarshen sunan .docx ne, domin tsohon tsarin .doc na kafin shekarar 2007 ba ya gyaruwa kai tsaye a Word na waya. Sauran shidan ki kai su wata folda ta daban ki rubuta mata "tsofaffi", kada ki goge su tukuna.

Daga nan sai ki shiga OneDrive a kwamfuta da asusun Microsoft, ki mayar da fayil ɗin cikin foldar OneDrive, ki kuma sauke Word a waya ki shiga da wannan asusun dai. Na sha ganin wanda ya shiga da adireshi ɗaya a kwamfuta, wani daban a waya, ya yi ta neman takardarsa bai gani ba. Daga ranar, a waya ki riƙa buɗe kundin daga cikin manhajar Word ko ta OneDrive kawai, kada ki sake taɓa wanda ke cikin hirar WhatsApp. Gyara a Word na waya kyauta ne a kan na'urar da allonta bai wuce inci 10.1 ba, saboda haka wayarki ta hannu ta shiga ciki.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi mayar da hankali. A ƙasan allon kwamfuta ta hannun dama, kusa da agogo, akwai ɗan hoton gajimare. Idan gajimaren yana tsaye shi kaɗai babu komai a kansa, aikinki ya hau. Idan kika ga kibiyoyi biyu suna zagaye a jikinsa, yana kan ɗorawa. Idan jan da'ira ce da alamar giciye, wani abu ya hana shi. Haka nan a cikin folda, kowane fayil yana da tasa alamar a gefe: shuɗin gajimare na nufin fayil ɗin yana intanet kawai bai sauko ba, koriyar alamar maki na nufin akwai shi a kwamfutar. Ki ɗauki misalin daren da aka ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya, batirin kwamfuta ya yi ja, kin gama sakin layi na ƙarshe, kika rufe murfin nan take. Kwamfutar ta yi barci kafin kibiyoyin su gama zagaye, don haka sakin layin yana cikinta, bai isa ma'ajiya ba. Da safe kika buɗe waya, abin da za ta nuna miki shi ne kundin yadda yake kafin aikin daren jiya, idan kuma kika ci gaba da gyara a kansa, kin sake samar da kundi biyu masu saɓani. Maganin wannan bai wuce daƙiƙa talatin ba: ki adana, ki rufe takardar, ki dubi gajimaren ya natsu, sannan ki rufe murfi. A waya ma haka, ki fita daga takardar ki ga ta daina nuna tana ɗorawa kafin ki kashe data.

Akwai wani abin da ke yaudarar masu haɗa kwamfuta da intanet ta hotsifot ɗin waya, kuma ina kyautata zaton kina cikinsu. Idan Windows ya ɗauki layin a matsayin mai ƙidayar data, ko kwamfuta ta shiga yanayin tattalin batir, OneDrive yakan dakatar da kansa domin ya rage miki asara, sai ki ga layi biyu a tsaye a jikin gajimaren. Mutum yana ganin intanet na aiki, ya ɗauka komai ya hau, alhali an dakata tun ɗazu. Ki danna gajimaren ki ce ya ci gaba, ko ki shiga saitinsa ki cire wannan dakatarwar gaba ɗaya. Sannan ki san irin Word ɗin da ke kwamfutarki. Na Microsoft 365 yana da maɓallin AutoSave a sama ta hagu, wanda ke adanawa da kansa muddin fayil ɗin yana OneDrive, amma tsofaffi irin na 2013 da 2016, waɗanda har yanzu suna da yawa a hannun ɗalibai, ba su da shi, sai kin riƙa danna Ctrl da S da kanki.

Rashin sabis ba ya hana aiki. A kwamfuta, ki danna foldar kundin da maɓallin dama na linzami ki zaɓi a riƙe ta kullum a wannan na'ura, alamar za ta koma cikakkiyar koriyar da'ira, daga nan ko babu intanet kina iya buɗewa ki yi rubutu, ya hau daga baya idan sabis ya dawo. A waya kuwa, ki buɗe takardar sau ɗaya a inda akwai sabis kafin ki fara gyara, don ta sauko da sabon kwafi. Idan duk da haka aka yi karo, wato na'urorin biyu suka gyara abu ɗaya ba tare da sun ga juna ba, Word yakan yi ƙoƙarin haɗa su, in ya kasa sai OneDrive ya ajiye duka biyun, ya liƙa sunan kwamfutarki a ƙarshen sunan ɗaya. Idan kika ga irin wannan fayil ya ɓullo, kada ki goge shi da gaggawa, ki sa su a Compare tukuna.

Batun data kuwa mai sauƙi ne. Babin da rubutu ne zalla da wuya ya kai megabait 1, bai kai nauyin ɗan gajeren bidiyo guda ba. Abin da ke cinye data shi ne idan kika amince wa OneDrive ya riƙa ɗora hotunan kyamarar waya, ko ya kwashe duk foldar hotuna da ta fuskar kwamfuta. Idan ya tambaye ki, ki ƙi, ki bar shi da foldar kundi kawai.

Ba kowane aiki ne ya dace da waya ba. Gyaran kalma, ƙarin jimla, karanta sharhin malami, duk waɗannan suna tafiya lafiya. Amma tsarin shafi, lambobin shafi, jadawalin abubuwan da ke ciki, da jerin manazarta idan kina amfani da manhajar tsara manazarta irin Zotero ko Mendeley, ki bar su sai kin zauna gaban kwamfuta. Waya ba ta da duk nau'o'in haruffan da ke kwamfuta, takan musanya wanda ba ta da shi da wani, sai ki ga shafuka sun ƙaru ko sun ragu, ki ɗauka wani abu ya lalace. Ga masu rubutu da Hausa akwai ƙarin abin lura, wanda ke damuna ƙwarai domin na ga aikin da ya ɓaci ta dalilinsa: wasu tsofaffin nau'o'in haruffan Hausa da aka yi amfani da su a wuraren buga takardu suna ɗora ɓ da ɗ da ƙ ne a kan wasu alamomi na daban, saboda haka idan aka buɗe takardar a wayar da ba ta da wannan nau'in, sai haruffan masu ƙugiya su koma baka-biyu ko wasu alamomi marasa ma'ana. Idan kundinki yana da Hausa a ciki, ki yi amfani da haruffan Unicode na ainihi, wato na tsarin bai-ɗaya da na'urori ke ganewa, a nau'i sananne kamar Times New Roman ko Arial, su ne ke fitowa daidai a ko'ina.

Ki kuma sani cewa daidaitawa, wato wannan hawa da sauka tsakanin na'urorinki da ma'ajiya, tana bin umarninki ne ko da kuskure kika yi. Idan kika goge fayil a waya, zai ɓace a kwamfuta ma, idan yaro ya danne allo ya share shafi uku, sharewar ita ma za ta hau. Abin da ke ceto a nan biyu ne. OneDrive na asusun mutum yana riƙe abin da aka goge a kwandon shara har kwana 30, kuma yana ajiye siffofi 25 na baya na kowane fayil, waɗanda za ki gani idan kika danna fayil ɗin da maɓallin dama kika zaɓi Version history, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Duk da haka ina ba ki shawarar kowace Juma'a ki kwafi foldar a filash, ki rubuta kwanan wata a jikin sunanta, ki ajiye ba don gyara ba. Idan makarantarku ta ba ki asusun Microsoft ko na Google, kada ki sa shi ya zama gidan kundinki kaɗai, domin irin wannan asusu a hannun makaranta yake, ana iya rufe shi bayan kin gama. A asusunki na kanki kuma ki sa lambar wayar da kike da tabbacin riƙewa, tare da wani imel na biyu, saboda ranar da kika manta kalmar sirri ta nan za a aiko miki da lambar shiga.

Saura mu'amala da malaminki da kuma masu buga takarda. Idan za ki kai bugu, ki mayar da babin PDF a kwamfutarki, ki duba shi shafi-shafi, shi za ki tura ko ki kai a filash. Kada ki shiga asusunki a kwamfutar shagon buga takardu, in kuma dole ta sa, ki tabbata kin fita kafin ki tashi. Idan malam yana son fayil ɗin Word don ya yi sharhi a ciki, ki tura masa kwafi mai ɗauke da kwanan wata a sunansa. Abin da ya dawo miki da shi ki buɗe shi gefe guda, ki shigar da gyaran cikin "Babi na 3" na OneDrive, sannan ki kai nasa kwafin foldar tsofaffi.