Tambaya da Amsa: Gareji a Kan Bututun Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a gefen gidana, ina so in gina garejin mota ɗaya. Da aka fara haƙar fandesho sai muka tarar bututun ruwa ya ratsa ta tsakiyar wurin. Magini ya ce mu zuba kankare a kai kawai, ba abin da zai faru. In biye masa? Daga wani mai karatu a Rijiyar Zaki.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, a dakata da kankaren nan tukuna. Fara gano bututun waye. Idan mai kauri ne, kamar inci uku ko huɗu, mai yiwuwa babban layin Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ne da ke kai wa maƙwabta. Wannan ba a gini a kansa, ba kuma kai za ka matsar da shi ba. Ka je ofishinsu, ka kuma nemi izinin gini daga KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta Jihar Kano, don ranar da ya fashe garejinka za a fasa.

Idan kuwa ɗan siriri ne, rabin inci zuwa inci ɗaya, mai shiga gidanka, shawararmu ita ce ka karkatar da shi ya zagaye ginin, nesa da fandesho da aƙalla ƙafa uku. Bututu biyu ko uku ne da 'yan gwiwoyi da gam, aikin yini guda. In tsohon na ƙarfe ne, mai yiwuwa tsatsa ta riga ta ci shi, a sauya gaba ɗaya.

Abin da magini bai faɗa maka ba shi ne, ƙasar da aka cike tana zama bayan damina ɗaya ko biyu, ga nauyin mota kullum. Bututun da kankare ya kama ba ya iya motsi, sai mahaɗarsa ta ɓalle. Yoyon ba ya fitowa fili. Sai dai ka ga gindin bango ya jiƙe, fenti na ɓarewa, daɓe ya tsage. Abin da ya fi damunmu kuma, ruwan famfo a Kano ba kullum yake zuwa ba. Duk lokacin da aka ɗauke, bututun da ya huje yana zuƙo dattin da ke kewaye da shi, ga baƙin mai da fetur da ke zuba a gareji, alhali ruwan nan iyali za su sha.

In babu hanyar zagayewa sam, to a saka shi cikin riga: wani bututun roba mai inci biyu ko uku, wanda ya leƙo waje ta kowane gefe da ƙafa biyu. Kada a bar mahaɗa ko ɗaya a ƙarƙashin daɓe. Zurfi ƙafa biyu, a shimfiɗa yashi mai laushi inci huɗu a ƙasa da sama, ban da dutse ko fasasshen bulo. Inda ya ratsa bango a ɗora linta, kada bulo ya danne shi. A bakin shigarsa a yi ɗan rami mai murfi a sa makunni, ta yadda gobe za a zare bututun a zura sabo ba tare da an taɓa daɓen ba.

In ka je sayen bututu a Kasuwar Ƙofar Ruwa ka ce mai kaurin jiki na famfo kake so, ba na wayar lantarki ba. Kafin a rufe ramin a saki ruwa ya kwana a ciki, da safe a shafa kowace mahaɗa da busasshen hannu.