Wai yunwa ce ke kawo olsa?

Malam, ka tambaya ko zama da yunwa ne ke jawo olsa. Gaskiya yunwa tana iya tayar da ciwon, amma ba ita ce tushensa ba. Yawanci wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, ko kuma yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da mutanenmu ke afawa kamar gyaɗa.

Abin mamakin ma shi ne yadda aka tabbatar da illar ƙwayar nan. Likitoci sun daɗe suna cewa babu ƙwayar da za ta rayu cikin asid ɗin tumbi, to wani likita a Ostireliya, Barry Marshall, da ya ga an ƙi yarda da shi cewa ƙwayar ce ke kawo olsa sai kawai ya ɗauki ruwan ƙwayoyin ya kwankwaɗe a 1984, kwanaki kaɗan ya fara amai, bakinsa na wari, aka duba aka ga tumbin ya kumbura. Rigima ke nan! A 2005 shi da abokin aikinsa Robin Warren suka samu kyautar Nobel.

Don haka daina dogara da madara, je asibiti a yi maka gwaji, in ƙwayar ce antibayotik ake haɗa wa mutum.