Amsar tambayarka kan atisaye da yunwa

Sadiƙu, na saurari muryar da ka turo min, lokacin ina cikin keke ne a Bauchi Road hayaniya ta hana ni amsawa sai yanzu da na zauna. Ka ce Alhajin nan mai shagon taya da ke zuwa wajen atisayenmu ya tare ka jiya yana tambaya wai gaskiya ne in mutum ya yi atisaye da sassafe bai sa komai a cikinsa ba tumbi ya fi saurin zubewa, wai a TikTok ya gani, kai kuma ka ce masa eh haka ne don kar ya ga kamar ba ka san aikinka ba, yanzu kuma hankalinka bai kwanta ba. Toh madalla da ka tambaya. Ba ƙarya ka yi masa ba amma rabin magana ka ba shi, kuma rabin da ka bari shi ne mai nauyin.

Ka ga jikin ɗan Adam ajiya biyu gare shi. Akwai suga da yake tarawa a hanta da cikin tsoka, shi ake ce wa gilaikojin, ba shi da yawa, na hanta kamar giram 100 ne na tsoka kuma wajen 400, ka ɗauke shi kamar kuɗin aljihu. Sai kitse, shi kuma buhunan da ke jibge a sito ne. Da daddare kana barci ƙwaƙwalwa ba ta barci da yunwa, tana ta gutsurar na hantar nan, kafin asuba ya ragu sosai, insulin ma, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don saukar da suga a jini, ya sauka tunda ka daɗe ba ka ci ba, kuma in insulin ya sauka ƙofar siton kitse ta fi buɗuwa. Saboda haka in ka fita gudu a wannan lokacin, eh, kason kitsen da jiki zai ƙona a cikin wannan awar ya fi na wanda ya sha koko da ƙosai kafin ya fito. Wannan gaskiya ne an auna an gani. Nan ne 'yan bidiyo suke tsayawa su ce a danna musu alamar so.

Amma kai ka taɓa ganin ɗan kasuwa a Terminus ya ƙirga ribarsa da cinikin ƙarfe tara na safe? Sai an rufe shago ake lissafi. Jiki ma haka yake, in ya ci daga kitse da yawa da safe ya bar sugan, toh anjima in ka ci abinci sai ya juya ya fi ƙona suga ya mayar da abin da ya ɗiba a sito, wanda ya ci kafin ya fito kuma nasa ya zama akasin haka, kafin rana ta zagayo duk sun haɗu wuri ɗaya in dai abin da suka ci da aikin da suka yi ɗaya ne. A 2014 wani mai bincike a Amurka, Brad Schoenfeld, shi da abokan aikinsa sun ɗauki 'yan mata 20 suka raba su gida biyu, dukkansu aka rage musu abinci daidai wa daida, suna atisaye na awa ɗaya sau uku a sati har sati huɗu, rabi da yunwa rabi bayan sun sha abin kari. Da aka auna kowa ya rage nauyi ya rage kitse, amma babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu. Mutum 20 ba yawa ba ne na sani, sati huɗu ma ba tsawo ba ne, sai dai ya yi daidai da abin da idona ya gani a shekarun da na yi ina wannan sana'ar ta horar da masu atisaye.

Bari in ba ka lissafin da nake so ka haddace kamar karatun allo. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa kuma jiki ke ƙonawa. Babban mutum in ya yi tafiya mai sauri ta awa guda bai fi ya ƙona wajen 300 ba. Lemon kwalba babba guda ɗaya ta kai 200, babban cokali ɗaya na man gyaɗa wajen 120. Ka ga ke nan matsalar ba ta kan ko ya karya kafin ya zo, tana kan abin da zai tarar bayan ya bar wajenmu.

Akwai wani kwastoma da na yi da daɗewa, direban tirela ne ya ajiye tuƙi, kullum bayan sallar asuba zai zagaya wajen filin wasa na Rwang Pam da yunwa yana haki, wata biyu cur sikeli bai motsa ba har ya fara cewa ko an yi masa asiri ne. Rannan na ce mu tafi tare in raka ka. Wallahi muna gamawa ya ja ni wajen mai masa, ya sa aka zuba masa goma sha biyu aka malala mai da ƙuli, ya kora da maltina mai sanyi a wannan sanyin na Jos, kuma yana ci yana ce min ai Oga na biya kuɗinta da gudu. Abin da ya ƙona a awa ɗaya ya mayar da ninkinsa a minti goma. Kuma ban ga laifinsa ba sosai, yunwar da ya tara ce ta rama, da ya ci ayaba ɗaya kafin ya fito wataƙila da masa biyar ta ishe shi. Wasu kuma ba haka suke ba, in sun yi da yunwa ba sa ramawa sai ma abincin ranar ya ragu, irin waɗannan tsarin yana musu amfani, amma ragin abincin ne ya yi aikin.

Kar kuma sikeli ya ruɗe ka. Mutum zai hau bayan gudu ya ga kilo ɗaya ya tafi ya hau murna, ruwa ne, gumi ne da kuma ruwan da ke manne da gilaikojin ɗin, kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram uku, yana ci ya sha zai dawo. Shi ya sa na hana masu ɗaura leda a ciki shiga wajena. Kitse ba ta gumi yake fita ba, mafi yawansa ta numfashi yake fita, kuma ba ya zaɓar tumbi don kawai ka matsa wa tumbi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne ake jawo wa kai magana. Wata shekara cikin hunturu wani bawan Allah yana kan injin gudu, ina can ina gyara wa wani tsayuwa sai na hango hannunsa na rawa a kan ƙarfen, fuska ta yi fari fat, gumi mai sanyi na zuba, na yi masa magana yana amsa min abin da ban tambaye shi ba. Na kashe injin muka zaunar da shi ƙasa, Allah ya sa yana iya haɗiya na aika aka kawo lemo ya sha, bayan kamar kwata ya dawo hayyacinsa. Ashe ciwon suga gare shi, ya sha maganinsa ya fito bai ci komai ba don wani ya ce masa haka ake ƙona kitse. Ni ne da laifi ban tambaye shi ba ranar da ya yi rajista. Tun ranar ba na karɓar kuɗin kowa sai na tambaya: kana da suga, kana shan magani ko allura, hawan jini fa, gyambon ciki fa, in mace ce ko tana da juna biyu. Mai allurar insulin ko maganin da ke saukar da suga kar ka kuskura ka ce ya zo da yunwa, ka ce ya je ya ji daga likitansa. In kuma mutum ya suma ba ya iya haɗiya kar ka ɗura masa komai a baki, asibiti kai tsaye.

Sauran masu lafiya kuma ka duba irin aikin. Tafiya ko sassarfa ta minti 30 zuwa 45, wanda ya fito daga masallaci yana sauri ya buɗe shago, ko wanda in ya ci abu yake jin tashin zuciya, bar shi ya yi da yunwarsa ba komai, ruwa dai dole ya sha don sanyin garin nan yana ɓoye ƙishirwa. Amma ranar ɗaga ƙarfe mai nauyi ko gudu mai tsawo ka ce ya jefa dabino uku ko ayaba ko rabin kofin kunun gyaɗa kamar rabin awa kafin ya zo, in ba haka ba zai gaji tun a zagaye na biyu aikin ya zama na jeka-na-yi-ka. Azumi kuma daban ne tunda babu ruwa, ko dai abu mara nauyi dab da shan ruwa ko a bari sai bayan tarawihi.

Shi Alhaji gobe in ya zo ka same shi gefe, ba a gaban mutane ba, ka ce ka ƙara bincike, ba abin kunya ba ne. Ka fara da tambayar suga don na lura yana yawan fita fitsari, sannan ka tambaye shi me yake ci da daddare da kuma lemo nawa yake sha a shago. Ka zo da wuri kuma, bel ɗin injin na biyu yana zamewa, ka taho da sifana mai lamba 13 mu ɗaure shi kafin mutane su cika.