Me ke sa Baba rawar sanyi a kan injin wankin ƙoda?

Tambaya: Likita, salamu alaikum. Wata takwas ke nan ana yi wa mahaifinmu wankin ƙoda a nan Jos, ta robar da aka sa masa a wuya. Da an ɗora shi a kan inji sai rawar sanyi da zazzaɓi. Sau biyu muna yi masa maganin maleriya. Da aka yi kalcha, wato gwajin jini na gano ƙwayar cuta, an ce Stenotrophomonas maltophilia ce, ga shi meropenem mai tsada bai yi komai ba. Wace irin cuta ce wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya.

Ƙwayar cutar da muka saba gani a jinin masu wankin ƙoda ita ce Staphylococcus aureus, daga fata take shiga. Ta Baba ba kasafai ake cin karo da ita ba. Gidanta ruwa da danshi, kamar Burkholderia cepacia da Ralstonia pickettii. Mai lafiya ba ta cika damunsa ba, amma ciwon ƙoda yana raunana garkuwar jiki, robar nan kuma ƙofa ce har cikin jini.

Makircinta shi ne takan yi yauƙi ta manne a cikin robar, inda magani ba ya ratsawa sosai. Da inji ya fara jan jini sai ya kwaso ta, jiki ya ɗauki kyarma. Shi ya sa duk mai roba da ya yi zazzaɓi a kan inji, ni kalcha nake fara nema, kafin a ba shi ko ƙwaya ɗaya.

Meropenem kuwa, ba jabu aka sayar muku ba, da ma can ba ta jin sa. Abin mamaki, tsohon maganin nan Septrin ne ya fi kama ta. Amma kar ki je kemis ki saya: yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, wanda kan iya tsayar da zuciyar mai ciwon ƙoda. Likitansa ne zai auna.

Magani kaɗai da wuya ya wadatar, galibi sai an cire robar an sa sabuwa. Ku kuma tambaya ko akwai wasu masu irin wannan kyarmar a wurin wankin, don injin yana cin ruwa kusan lita 120 a zaman awa 4. In akwai, a binciki matatar ruwan.

Wata takwas da roba a wuya ya yi yawa a ganina. Ku yi maganar haɗa masa jijiyar hannu, wadda za a riƙa wankin ta cikinta maimakon robar, tun yanzu, don takan ɗauki sati 6 ko fiye kafin ta nuna. Kafin nan, kar ruwan wanka ya taɓa bandejin.