Tambaya da Amsa: Hutun Shugaban Ƙasa a Tsibiri, Riba Ce ga Mazauna ko Ɗawainiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sha ji a labarai cewa shugabannin Amurka kan tafi hutu wani tsibiri mai suna Martha's Vineyard, ana nuno su suna wasan golf ko suna shiga kantuna tare da iyalansu. Abin da nake son sani shi ne, mutanen da ke zaune a tsibirin rani da damina, wannan ziyara alheri ce a gare su ko takura? Kuma wa ke biyan kuɗin ɗawainiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, mai tambaya. A taƙaice, ziyarar tana kawo riba kuma tana kawo takura, sai dai ba kasafai mutum ɗaya ke samun duka biyun ba, domin wanda ribar ke shiga aljihunsa daban ne da wanda ɗawainiyar ke faɗawa a kansa. Kafin a gane haka sai an san yanayin wurin.

Martha's Vineyard tsibiri ne a jihar Massachusetts, kimanin kilomita 11 daga gaɓar yankin Cape Cod, kuma babu gadar da ta haɗa shi da babban yanki, saboda haka mutum da mota da kayan abinci da man fetur duk sai ta jirgin ruwa ko jirgin sama suke isa. Jirgin fito daga Woods Hole da ke gaɓar Cape Cod yakan ɗauki kusan minti 45. Mazauna na dindindin sun kai kimanin 20,000 a garuruwa shida, amma a watannin Yuli da Agusta masu zuwa hutu kan ninka wannan adadi sau da dama. Yawancin hanyoyin tsibirin ƙanana ne masu hannu biyu kacal. Shugaba Ulysses Grant ya ziyarci wurin tun a 1874, Bill Clinton ya fara zuwa hutu a 1993 ya kuma yi ta komawa, sannan Barack Obama ya zo kowace shekara daga 2009 zuwa 2016, in ban da 2012 da yake yaƙin neman zaɓe. Kusan dukkan waɗannan ziyarce-ziyarce a watan Agusta suka kasance, wato a daidai lokacin da tsibirin ya riga ya cika maƙil.

Wannan batu na lokaci shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Shugaban Amurka ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai jami'an tsaronsa na hukumar Secret Service, da ma'aikatan fadarsa, da likitoci, da masu kula da sadarwa, da ayarin 'yan jarida, kuma dukkansu suna buƙatar ɗakin kwana da abinci da motar haya. Mai otal da ya ba da ɗakuna da yawa ga waɗannan baƙi ya samu ciniki tabbatacce, amma a watan Agusta ko shugaba bai zo ba ɗakunan nan ba za su kwana babu kowa ba. Kenan yawancin kuɗin da ake cewa ziyarar ta kawo ba sabon kuɗi ba ne, baƙo ne ya maye gurbin wani baƙon. A kwatanta da tsibirin Nantucket da ke maƙwabtaka, inda Joe Biden ya saba zuwa da iyalinsa bikin godiya na ƙarshen watan Nuwamba, ya kuma ci gaba da zuwa bayan ya zama shugaba. A wannan lokaci sanyi ya shiga, masu yawon buɗe ido sun ragu ƙwarai, don haka cikar otal da gidajen abinci ƙari ne na gaske ga 'yan kasuwa. Ziyara iri ɗaya ce, amma bambancin wata ya sauya lissafin gaba ɗaya.

Sai kuma takurar, wadda ita ce mazauna suka fi ji a jikinsu. A duk inda shugaban Amurka ya sauka, hukumar kula da sufurin jiragen sama takan kafa dokar taƙaita shawagi ta wucin gadi, wadda a bisa al'ada take da zobe biyu: na waje mai nisan kusan kilomita 55 daga inda yake, da na ciki mai kusan kilomita 18, inda ƙa'idar ta fi tsanani. A babban birni wannan yanki wani ɓangare ne kawai, amma a tsibiri ƙarami zoben waje yakan haɗiye ƙasar baki ɗaya. Jiragen fasinja na yau da kullum suna ci gaba da aiki, amma masu ƙananan jirage sai sun biya ta wani filin jirgi a binciki su kafin a bar su su shiga, yayin da masu sana'ar zagayawa da baƙi a sama da masu koyar da tuƙin jirgi kan rasa aiki a makonnin da suka fi dogara da su a duk shekara. A cikin ruwa ma dakarun tsaron gaɓa kan shata yankin da ba a kusanta a gefen gidan da shugaba ya sauka, kuma idan a nan ne masunci ya saba kafa komarsa, babu abin da zai yi sai haƙuri.

Hanya ita ce ta fi jawo ƙorafi. Ayarin motocin shugaba yakan tsayar da zirga-zirga na ɗan lokaci a duk inda ya bi, wannan kuwa mutane kan jure. Abin da ya fi ciwo shi ne rufe hanya na kwanaki. A 2013, da Obama ya sauka a wani gida a garin Chilmark, an rufe wani sashe na hanyar South Road, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin wannan ɓangare na tsibirin, aka karkatar da motoci zuwa wasu hanyoyi, abin da ya ɓata wa mazauna da masu ƙananan sana'o'i na bakin hanyar rai. A ganina koken nasu yana kan gaskiya, domin manomin da ke sayar da amfanin gonarsa a bakin titi ko mai shagon da cinikinsa ya dogara ga masu wucewa ba shi da wata hanyar da zai mayar da asarar mako guda na tsakiyar kakar ciniki, kuma babu wanda ke zuwa ya biya shi diyya. Abin lura shi ne, a shekarun 2009 zuwa 2011 da Obama ya sauka a gonar Blue Heron, wadda ke can ciki nesa da babban titi, ba a buƙaci irin wannan rufewa ba. Ashe zaɓen gida kaɗai yana iya rage wa jama'a rabin wahala.

Game da wanda ke biya, abin ya kasu. Shugaba ne ke biyan kuɗin hayar gidan da iyalinsa za su zauna da abincinsu daga aljihunsa. Gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar nauyin jirage da jami'an tsaro da ma'aikata, domin aikin shugabanci ba ya tsayawa saboda hutu. A wannan tsibirin ne Clinton ya tsaya gaban 'yan jarida ranar 20 ga Agusta 1998 ya sanar da harin makamai masu linzami da Amurka ta kai a Afganistan da Sudan, kafin ya koma Washington. Kaso na uku shi ne wanda ake yawan taƙaddama a kai, wato kuɗin ƙarin lokacin aiki na 'yan sandan gari da na jiha da ke tsare mahaɗar hanyoyi, wanda sau da yawa yake fitowa daga harajin mutanen wurin. Wannan matsala ta fito fili a Palm Beach ta jihar Florida, inda gidan Donald Trump na Mar-a-Lago yake a kan wani siririn tsibiri, kuma yawan zuwansa ya sa hukumomin yankin suka yi ta kuka da nauyin kuɗin tsaro, har majalisar dokokin Amurka ta ware kuɗi a 2017 don mayar wa ƙananan hukumomi wani abu daga abin da suka kashe wajen tsare gidajen shugaba.

Amma duk waɗannan abubuwa ne na mako biyu, suna zuwa suna wucewa. Abin da ya fi damuna shi ne tasirin da ke zama bayan ayarin ya tafi. Hotunan shugaba a bakin teku da 'yan jarida ke watsawa duniya talla ce da babu hukumar yawon buɗe idon da za ta iya sayen irinta, kuma shaharar wuri tana jawo masu kuɗi. Ba daidai ba ne a ɗora wa shugabanni alhakin tsadar gidaje su kaɗai, tun da attajirai sun san tsibirin tun kafin Clinton. Jacqueline Kennedy Onassis, matar marigayi Shugaba John Kennedy, ta sayi fili a can a 1979, garin Oak Bluffs kuma ya daɗe yana zama wurin hutun baƙaƙen fata masu hali. Duk da haka ziyarar shugabanni ta ƙara wa wurin daraja, kuma Obama da kansa ya sayi gida a garin Edgartown da ke tsibirin a 2019 kan dala miliyan 11.75. A 'yan shekarun nan matsakaicin farashin gida a tsibirin ya haura dala miliyan 1. Wanda ya gaji gida ko fili ya yi arziki yana zaune, amma malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da kafinta da ke haya suna cikin wani hali, domin masu gidaje da yawa kan ba da haya mai sauƙi a lokacin sanyi, sannan su nemi ɗan haya ya tashi idan bazara ta zo don su ba masu hutu a kan kuɗin mako-mako. Iyalai da dama suna yin wannan ƙaura sau biyu a shekara, wasu ma'aikata kuma sun koma babban yanki suna shigowa aiki kullum ta jirgin ruwa.

Ra'ayin mazauna kansa ba ɗaya ba ne. Akwai masu alfahari da cewa shugaban ƙasa ya zaɓi garinsu, sukan yi cirko-cirko a bakin hanya suna ɗaga hannu, kantin littattafai ko gidan abincin da ya shiga kuma yakan ci moriyar sunan shekaru da yawa. Akwai kuma waɗanda burinsu kawai su isa wurin aiki a kan lokaci. Hukumomin gari ba su da ikon hana shugaba zuwa, kuma ba su da ta cewa a kan ƙa'idojin tsaronsa, amma suna iya zama da jami'an tsaro tun da wuri su nemi a sanar da rufe hanya kafin lokaci, a bar wa mazauna unguwa da motocin asibiti mashiga, a sassauta wa masunta da ƙananan jirage inda zai yiwu, sannan a rubuta kowane awa na ƙarin aikin 'yan sanda domin neman a biya daga baitulmalin tarayya.