Tambaya da Amsa: Kwafi 100 Na Nema, Suka Ce In Buga 1,000

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, na rubuta littafi mai shafi 150. Da na kai maɗaba'a na nemi kwafi 100, sai suka ce in na buga 1,000 kuɗin kowane kwafi zai sauko sosai, kuma wai shafukan za su koma 160. Anya ba dabarar cin kuɗina ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba su yi maka ƙarya ba, amma ba su gama yi maka bayani ba.

Babban injin da ake kira ofset ba ya bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Sai an fitar da shafukan a kan faranti na alminiyam an ɗaura wa injin. Tawada ta hau farantin, ta koma jikin wata roba, sannan ta sauka kan takarda. Baƙin rubutu faranti ɗaya yake ci a kowace fuskar takarda, bango mai launi kuwa huɗu: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Kafin launukan nan su hau kan juna daidai, mai injin zai ɓata takardu da dama yana gyara. Duk wannan ɗawainiya kuɗinta ɗaya ne, ko kwafi 100 za a buga ko 1,000. In aka raba ta a kan dubu sai ta yi sauƙi.

To amma wa zai sayi dubun? Nan ne ba za su tambaye ka ba. In ba ka da makarantu ko dillalan da suka yi maka alkawari, ka ce a yi maka ɗarin da injin dijital, wanda ba ya bukatar faranti. Kowane kwafi zai fi tsada, amma jimillar kuɗin ba za ta kai ta dubun ba, kuma ba za ka tara kwalaye a ɗaki gara da danshi suna ci ba.

Batun shafuka kuwa lissafi ne. A kan babbar takarda ake jera shafi takwas gaba, takwas baya, a ninke ta sau uku ta ba da 16. Guda tara 144 ke nan, goma 160. Ka tambaye su ko za su ƙara rabin takarda kawai ya tsaya a 152.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaya ba. Kafin a fitar da faranti za su ba ka samfuri ka sa hannu, kuma daga nan duk kuskuren da ya fito naka ne. Kada ka duba shi a tsaye a ofishinsu. Tafi da shi gida, ka bi ƙ da ɗ da ɓ layi-layi, don in kwamfutarsu ba ta da irin harafin da ka yi aiki da shi, sai su koma 'yan akwatuna ko su ɓace. Shi ya sa ya fi kyau ka kai aikin a PDF da haruffan a ciki. Sannan a rubuta nauyin takarda a yarjejeniya, giram 70 ne ko 80, da kuma ko ɗinki za a yi wa littafin ko gam kaɗai. Littafin da ɗalibai za su riƙa buɗewa kullum, ɗinki ya fi masa.